Adar: Mun Iya Roƙon Ruwa, Ko Mun Shirya Tarbarsa?

A ƙasar Adar babu baƙon da ake ɗokin zuwansa kamar hadari. Da zarar watan Mayu ya raba tsakiya, idon manomi da na makiyayi suna gabas, kowa na jiran ya ga gari ya haɗe. Idan ruwa ya yi jinkiri mukan fita fili da malamanmu da yaranmu mu yi roƙo, kuma ba mu da laifi a kan haka, domin iyayenmu sun ga farin 1973 da 1974, sun ga na 1984, mu kuma mun ga ƙarancin cimaka na 2005 da na 2010 da idanunmu. Saboda wannan tarihi ne kusan duk wani tanadi da muka iya ya zama tanadin rashin ruwa: rumbun tsimi, bankunan cimaka, sayar da hatsi a farashi mai rahusa, da tafiyar samarinmu bida zuwa Abijan da Libiya da Najeriya. Tambayar da muke so mu ajiye yau a gaban jama'a da hukumomi ita ce, wane tanadi muka yi wa ranar da ruwan da muka roƙa zai zo fiye da yadda ƙasarmu da gidajenmu da hanyoyinmu za su iya ɗauka?

Wannan rana ta riga ta zo mana. A tsakiyar watan Agusta na 2024, motoci biyu ɗauke da fasinjoji sun tashi daga Tawa za su kasuwar Telemses, can arewa wajen Tilliya. A kan hanya ruwan wata ƙorama ya yi awon gaba da su, mutane fiye da 50 suka rasa rayukansu, da yawa daga cikinsu 'yan kasuwa ne, har da 'yan'uwanmu na Najeriya. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri. Waɗannan bayin Allah neman halal ya fitar da su daga gida, kamar yadda yake fitar da ɗaruruwan mutane kowane mako a kan hanyoyin Abalak, Cintabaraden, Tasara da Tilliya. Duk wanda ke hawa motar kasuwa a damana ya san cewa abin da ya same su yana iya samun kowa.

Idan muka duba ƙasa baki ɗaya, alƙaluman da gwamnati ta bayar game da damanar 2024 sun ce mutane 396 suka rasu, sama da mutum miliyan ɗaya da rabi kuma ambaliya ta shafa. A shekarar ce tsohon masallacin Damagaram, wanda aka gina tun ƙarni na 19, ya rushe a farkon watan Satumba. A shekarar ce aka ɗage komawa makarantu daga ranar 2 zuwa ranar 28 ga Oktoba, domin azuzuwa da yawa sun lalace, wasu kuma sun zama masaukin waɗanda suka rasa muhalli. Kafin nan, a 2022, an yi asarar rayuka kusan 200. A 2020 kogin Kwara ya ɓalle shingen Lamorde ya mamaye unguwanni a Yamai. A farkon Satumba na 2009 ƙoramar Telwa ta afka wa birnin Agadas, garin da ko a mafarki ba a haɗa sunansa da ambaliya. Maƙwabtanmu ma ba su tsira ba: madatsar Alau ta ɓalle a kan Maiduguri a Satumba na 2024, ruwa kuma ya hallaka fiye da mutum 150 a Mokwa ta jihar Neja a ƙarshen Mayu na 2025. Abin da ya maimaitu haka ya wuce a kira shi tsautsayin shekara ɗaya.

Masana yanayi sun yi bayanin dalili. Mafi yawan ruwan da ke sauka a yankin Sahel yana zuwa ne cikin manyan hadura da ke tasowa daga gabas su nufi yamma, da iska mai ƙura a gabansu, ruwa kamar da bakin ƙwarya a bayansu. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam na shekaru 35, ya nuna cewa mafiya ƙarfi daga cikin waɗannan hadura sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982. Hamadar Sahara na ƙara zafi, iska mai ɗumi kuma ta fi ɗaukar laima, har an ƙiyasta cewa duk ƙarin digiri ɗaya na zafi yana ƙara kusan kashi 7 cikin 100 na laimar da iska ke iya riƙewa. Garin Tawa yakan samu abin da bai wuce milimita 350 zuwa 400 na ruwa ba a shekara, to amma yanzu kaso mai tsoka na wannan ruwa yana iya zuba cikin dare ɗaya, sa'annan a yi makonni biyu ko uku ana kallon sama. Shi ya sa a damana guda manomi zai iya kukan ambaliya a Agusta, ya kuma yi kukan bushewar gero a Satumba.

Sai kuma yanayin ƙasarmu. Adar ƙasa ce ta duwatsu da faƙo da kwaruruka. Ruwan da ya faɗi a kan tudun da babu itace babu ciyawa ba ya nutsewa, gangarowa yake da gudu ya taru a ƙorama. A nan ne haɗarin yake, domin ƙoramar da ka gani busasshiya da la'asar, yara na wasa a cikin yashinta, tana iya cika ta batse kafin magariba alhali ko ɗigo bai sauka a inda kake ba. An yi ruwan ne can nesa, kilomita 30 ko 40 daga sama, kai kuma sai dai ka ji rugugi ka ga jan ruwa tafe da itatuwa da gawar bisashe. Tsofaffinmu sun san wannan, shi ya sa ba a san makiyayin kirki da kwana da garke a cikin kwari da damana ba, duk daɗin inuwar wurin.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne nauyin ruwa. Ruwan da zai cika ramin da ke da mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi, nauyinsa tan guda ne, wato buhu 10 na kilo 100. Hukumar yanayi ta Amurka, wadda ta daɗe tana nazarin irin wannan mutuwa, tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 15, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babban mutum. Santimita 30 na iya ɗaga ƙaramar mota, santimita 60 kuma na iya tafiya da kusan kowace irin mota, har mai ja da ƙafa huɗu. Bugu da ƙari direba ba ya ganin ƙasa. Bai sani ba ko yashin ya zaizaye, ko daɓen simintin da aka shimfiɗa a mashigi ya karye daga ƙarƙashi. Idan mota ta maƙale a tsakiya, fasinjojin da suka zauna a kan kaya suna jiran a turo ta su ne abin tausayi, domin ruwan na ƙaruwa ne cikin mintoci.

Muna jin masu cewa laifin direbobi ne. Lallai akwai masu ganganci, amma duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ƙorama ranar kasuwa ya san wanda ke matsa wa direba. Fasinja ne ke cewa, "Haba maigida, wane ma ya wuce ɗazu, kai tsoro ne da kai?" Mai tumatir da albasa na tunanin kayansa, dillalin bisashe na tunanin kasuwa za ta watse, mai mota kuma na can gari yana jiran kuɗin rana. Kasuwa ce ta mako-mako, wanda ya rasa ta ya rasa cefanen kwana bakwai, kuma wannan asara ce ta gaske ga talaka, ba mu raina ta ba. Sai dai kasuwa tana sake ci mako mai zuwa. Saboda matsin ya fi ƙarfin direba shi kaɗai, bai kamata a bar masa hukunci shi kaɗai ba. Muna ganin ya dace a duk mashigin da aka sani da haɗari a kafa ginshiƙai masu fenti fari da ja, wanda ko wanda bai je lakwal ba zai gane cewa in ruwa ya taɓa ja babu wucewa. A ranakun manyan kasuwanni kuma a ajiye jandarma ko wakilin maigari da ke da ikon tare hanya, ƙungiyoyin direbobi su kuma sa doka a tashoshinsu cewa duk wanda ya kutsa da fasinja cikin ruwa zai rasa layinsa. Ginshiƙi da fenti ba su kai kuɗin gada ba, ba kuma sai an jira masu ba da tallafi daga waje ba.

Bayan nutsewa, babbar hanya ta biyu da damana ke kashe mutane a ƙasar nan ita ce ruftawar gidaje. Mafi yawan gidajenmu na ƙasa ne, kuma ginin ƙasa ba abin kunya ba ne, ya fi siminti sanyi, ya fi shi araha, kakanninmu sun zauna cikinsa lafiya. Amma sun zauna ne da sharaɗi: kowace shekara kafin ruwa ya sauka akan yi yaɓe, a duba azara, a gyara indararo, a tona hanyar da ruwan tsakar gida zai bi ya fita. Yau gida nawa ne ake yi wa haka? A ƙauyuka da yawa majiya ƙarfi suna bida, an bar mata da tsofaffi da yara a ɗakunan da suka shekara uku ba su ga sabuwar laka ba. Katanga kuma ba ta faɗuwa ba tare da sanarwa ba. Gindinta kan jiƙe ya yi duhu, tsaga ta bayyana, ƙasa ta riƙa zubowa daga rufi, ƙofa ta ƙi rufuwa. Duk gidan da aka ga waɗannan alamu bayan ruwan dare biyu a jere, gara iyali su kwana a rumfa ko a gidan maƙwabci, kada kuma a shimfiɗa wa yara tabarma a jikin katanga. Muna kira ga 'yan'uwanmu da ke Abijan da Tarabulus da Legas, idan za a aiko da kuɗin iri da taki a watan Mayu, a ware na yaɓe.

A cikin garin Tawa da sauran manyan garuruwan jaha akwai wata matsalar ta daban. Gari na faɗaɗa, filaye na tsada, sai talaka ya gangara ya yi gini a inda ya samu, wato a bakin tafki ko a tsohuwar hanyar ruwa da ta bushe tun shekarun fari. Hanyar da ruwa ya saba bi kuwa, ko bayan shekara 40 sai ya dawo ya neme ta. 'Yan magudanan da ake da su ma sun cika da leda da yashi da shara, ba a tuna su sai ruwa ya shiga ɗaki. Faɗa wa mutum ya tashi abu ne mai sauƙi, amma ina zai nufa? Wanda ya sayi fili da guminsa, wataƙila har da takardar hukuma a hannu, ba za a ce masa ya kwashe iyali ya bar wurin da baki kawai ba. Adalci shi ne ma'aikatar magajin gari ta fitar da taswirar wuraren da ruwa ke kwanciya, a karanta ta a rediyo unguwa-unguwa, a daina yanka filaye a cikinsu daga yau, waɗanda ke ciki kuma a ba su wasu filayen a kan tudu tun da rani. Duk jami'in da ya sa hannu a takardar fili cikin kwari ya san cewa yana da kaso a abin da zai biyo baya.

Mu koma ga iska. A fina-finai da labaran waje mukan ga irin guguwar Amurka mai kama da mazurari, wadda ke sauka daga gajimare ta tsinke gari. Ƙasar na ganin irinta sama da 1,000 a shekara, kuma guda ɗaya ta kashe mutum 158 a garin Joplin a 2011. Wadda ta fi kowace kisa a tarihi a Bangaladash ta faru a 1989, inda aka ƙiyasta mutum 1,300 suka mutu. Irin wannan ba kasafai ake ganinta a ƙasarmu ba, kuma 'yar guguwar rani da ke juya kara da leda a fili ba ita ba ce. Tamu ita ce iskar gaban hadari, wadda Turawan mulkin mallaka suka riƙa kira "tornade" duk da cewa ba juyawa take ba, miƙe take tafe kamar bango. Waɗanda suka ga jan bangon ƙurar da ya rufe Yamai da rana tsaka a watan Mayu na 2020 sun san kamanninta. Ƙarfinta kan wuce kilomita 80 a sa'a, ya isa ya tuge bedi, ya karya turken lantarki, ya yaye rufin aji.

Babban makaminta a yau shi ne kwano. Kuɗin bida sun sa rufin kwano ya yawaita a ƙauyukan Adar, abin farin ciki, amma sau da yawa ana ɗora shi a kan katako marar ƙwari, a buga 'yan ƙusoshi, a danne da duwatsu da tsofaffin tayoyi. Ran da iska ta shiga ƙarƙashinsa, kwanon ya zama wuƙa mai tashi, duwatsun kuma su faɗo a kan na cikin ɗaki. Magina sun san maganin abin: a ɗaure katakon rufi da waya ko ƙarfe har cikin gini, a zagaye bakin kwanon da 'yar katanga. Makarantu da ɗakunan shan magani da aka gina da kuɗin jama'a ya kamata a duba rufinsu kowane watan Afrilu, ɗan kwangilar da rufinsa ya tashi a damanar farko kuma a neme shi ya dawo ya gyara da kuɗinsa. Idan jan bangon nan ya taso, a tattaro yara cikin ɗaki, a nisanci turakun lantarki, duk wayar da ta faɗo ƙasa kuma a ɗauka da wuta a jikinta.

Sai tsawa, wadda tsoronta ya fi saninta yawa a cikinmu. Aradu wutar lantarki ce mai tsananin ƙarfi, tana zafafa iskar da ta ratsa har kusan digiri 30,000, kuma ta fi neman abin da ya fi tsawo a wuri. A filin Azawak ko a gona, abin da ya fi tsawo shi ne itacen gawo ko aduwa da ke tsaye shi kaɗai, ko raƙumi da mahayinsa, ko manomi da haukarsa a kafaɗa. Ga shi kuwa al'adarmu ce in ruwa ya tsinke mu ruga gindin itace. Idan aradu ta faɗa wa itacen, wutar kan bazu a cikin ƙasa, shi ya sa ake samun garke guda a kwance a wuri ɗaya. Akwai lissafi mai sauƙi da kowane yaro zai iya riƙewa: ƙarar tsawa na tafiyar kilomita ɗaya cikin daƙiƙa uku. Idan ka ga walƙiya ka ƙirga, ba ka kai 30 ba ka ji ƙara, to tana cikin kilomita 10 daga inda kake, lokacin neman mafaka ya yi. Mafaka ita ce gini mai rufi ko cikin mota a rufe. Wanda ke daji ba gini kusa ya ajiye hauya da sanda mai ƙarfe, ya sauka daga kan dabba ko amalanke, ya bar kan tudu da bakin tafki, in mutane suna da yawa su warwatsu. Bayan tsawar ƙarshe a ƙara minti 30 kafin a fita.

Akwai camfe-camfen da ya kamata mu faɗi gaskiya a kansu, domin suna cin rai. Wasu na ganin aradu ba ta faɗa wa kowa sai ɓarawo ko mai rantsuwar ƙarya, har iyalan mamaci su riƙa jin kunyar faɗin abin da ya kashe shi. Wasu kuma na cewa ba a taɓa wanda ta faɗa wa sai an kira masu abin. Likitoci sun tabbatar da cewa babu wata wuta da ke saura a jikin mutum, kuma mafi yawan waɗanda tsawa ta buga suna rayuwa. Abin da ke kashewa shi ne tsayawar zuciya da numfashi, wanda in aka samu mai danna ƙirji nan take aka kuma garzaya likita, ana iya ceto shi da yardar Allah. Mintocin da ake ɓatawa ana tsaye nesa ana salati su ne mintocin da ake rasa shi. Haka nan wayar salula ba ta jawo aradu, sai dai a guji taɓa wadda ke jone da lantarki ana caji. Masallatai masu hasumiya, makarantu da tankunan ruwa kuwa suna buƙatar ƙarfen kariya daga tsawa, dabarar da aka sani tun ƙarni na 18.

Mun san za a ce mana duk wannan ƙaddara ce, wanda kwanansa ya ƙare ko a kan gado sai ya tafi. Mun yi imani da haka. Amma malamanmu su ne suka karantar da mu cewa tawakkali yana tafiya ne tare da riƙo da sababi, kuma kare rai wajibi ne. Babu manomin da ke ƙin shuka ya ce in Allah Ya so gero zai fito. Wanda ya loda mutum 30 a kan kaya ya shiga ruwan da bai san zurfinsa ba, ba zai fake da ƙaddara ba, haka ma wanda aka ba amanar gyaran mashigi ya yi shiru. Muna roƙon limamanmu su ware huɗuba guda a farkon kowace damana a kan wannan batu, domin maganar da ta fito daga mumbari ta fi ta kowa shiga kunne.

Wani abin takaici shi ne, sau da yawa labarin yana nan, isar da shi ne ke gagara. Ƙasarmu ce ke ɗauke da cibiyar AGRHYMET tun 1974, ga cibiyar ACMAD ta Afirka baki ɗaya, duk a Yamai, ga kuma hukumar yanayi ta ƙasa. Tun watan Afrilu na 2024 masana suka yi hasashen cewa damanar Sahel za ta zo da ruwa fiye da yadda aka saba. To amma sanarwar da aka rubuta da Faransanci, cike da milimita da sunayen iskoki, aka liƙa a Facebook, me ta amfana wa mai amalanke a Barmu ko makiyayi a Tasara? Tun watan Maris na 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, don haka babu sauran uzuri. Mu da ke aiki a gidajen rediyo mun san cewa manomi na iya mance labaran duniya, amma ba ya mance abin da aka faɗa masa game da ruwa. Abin da muke nema shi ne a riƙa aiko wa kowace tasha, ta gwamnati da mai zaman kanta da ta karkara, gajeren saƙo safe da yamma da Hausa da Tamajak da Fulatanci da Larabci, mai faɗin wuri da lokaci da abin da za a yi. Kamfanonin waya, da ba su gajiya da aiko mana tallace-tallace, su ba da hanyar aika saƙon murya kyauta a ranakun haɗari. Ƙauyukan da ke bakin ƙorama ɗaya kuma su yi musayar lambobi, na sama ya kira na ƙasa da zarar ruwa ya taso. Gaskiya ne hasashe kan saɓa wani lokaci, amma kwana ɗaya da aka yi a gida a banza ya fi sauƙin ɗauka a kan zaman makoki. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa kanta burin cewa kafin ƙarshen 2027 kowane ɗan'adam ya kasance gargaɗi na isa gare shi, kuma an ƙiyasta cewa gargaɗin sa'o'i 24 na iya rage ɓarna da kusan kashi 30 cikin 100.

Magani mai ɗorewa kuwa yana can kan tudu inda ruwan ke farawa, kuma a wannan fanni duniya ce ke zuwa koyo a Adar. Tun 1975 aka fara dasa layukan bedi masu tare iska a kwarin Majiya. A 1984 aka buɗe aikin Keita da taimakon Italiya da hukumar FAO, inda jama'a, mafi yawansu mata, suka ɗauki duwatsu a ka suka yi shingaye da madatsun ruwa, suka dasa miliyoyin itatuwa a kan faƙon da aka fid da rai da shi. A wajen Illela da Badagishiri manoma sun farfaɗo da gonaki da tassa da rabin-wata. Duk ramin tassa da duk shingen dutse yana riƙe ruwan da da zai gangara ƙorama, ya mayar da shi cikin ƙasa ya zama gero da ruwan rijiya. Aiki ɗaya ne ke maganin fari da ambaliya a lokaci guda. Sai dai shinge da madatsa suna tsufa, yashi na cike su, kuma madatsar da ba a kula da ita ta fi rashinta haɗari, kamar yadda mutanen Darna ta Libiya suka gani a 2023. Gyaran abin da iyayenmu mata suka gina da hannunsu ya cancanci kaso a kasafin kowace ƙaramar hukuma.

Kada kuma mu manta cewa janyewar ruwa ba ita ce ƙarshen haɗari ba. Ambaliya kan haɗa masai da rijiya, kwalara ta biyo baya, kamar yadda aka gani a wasu sassan jahar nan a 2021 da 2024. Kududdufai kan haifi sauro, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara a Satumba da Oktoba. A tafasa ruwan sha ko a sa masa magani, a kwana cikin gidan sauro, a hana yara wanka a tafki da ramukan da aka haƙi ƙasar tubali, domin kowace damana sai sun ci yara.

Daga ƙarshe, muna kira ga gwamnan jaha da shugabannin gundumomi da na ƙananan hukumomi, da sarakuna da hakimai da masu unguwanni, su zauna tun kafin ruwan farko su fitar da jerin mashigai masu haɗari da unguwannin da ke cikin kwari, su faɗa wa jama'a wanda aka ɗora wa alhakin kowane wuri. Samarin fada su ware Lahadi biyu su yi gayyar yashe magudanai. Direbobi su riƙe dokarsu, fasinjoji su bar zuga su. Kowane magidanci ya zagaya bayan ɗakinsa ya duba katanga, ya kuma ajiye lambar 'yan kwana-kwana, wato 18, a cikin wayarsa. Buhun shinkafa da tabarma da bargon da ake rabawa bayan ɓarna suna da amfani, muna kuma gode wa masu bayarwa, amma ba su dawo da uba ga marayu. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba mu damana mai albarka, Ya tsare mu daga sharrin ruwa da iska da tsawa, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Amin.